Akushin Gombe da Murfin Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a wurin aiki a tambaye ni, har mai ƙosan bakin layinmu sai da ta tare ni wai da gaske ne burodin can ya kai taɓarya tsawo. Audu Fita kuwa ya fi ni ba da labarin tafiyar, alhali ko Kumo bai raka ni ba, kuma kullum sai ya ƙara gishiri. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa in kama gabana. Roƙona ɗaya, kada takardar nan ta shiga motar Ɗanjuma mai zuwa Garwa.

Ga wanda bai san mu ba, mu wasu 'yan tsiraru ne a Gombe da Allah ya jarrabe mu da son juya itace a inji. Ba sana'armu ba ce. Ni akawu ne a gidan gurzar auduga, Audu yana gyaran kan jirgi a tasha, akwai malamin makaranta, akwai tela. Ran Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wata rumfar kwano a Bolari, kowa ya zo da abin da ya juya a makon, a zagaya da shi hannu-hannu, a yaba, a kushe, a ji wa ya samo guntun maɗaci, wa ya karya cizal, ƙarfen sassaƙa. Matata tana kiran wurin ofishin asara. Tana da gaskiyarta, don tun da kuɗin man fetur ya shigo kasuwa ta cika da kwanon roba, mu kuwa sai mu ƙare mako a kan akushi ɗaya mu kuma kyautar da shi.

Injin na Baba Yakubu ne, mutumin Kaltungo, tsohon malamin kafinta da ke zaune a unguwar Madaki. Da hannunsa ya haɗa shi da ƙafar keken ɗinki da wani tsohon wili, kuma shi ya koya wa kowannenmu riƙon ƙarfe. Yana da aboki a Garwa ta ƙasar Kamaru, Baba Hammadu, wanda ya zo Gombe aikin kafa inji wajen lokacin samun 'yancin kai ya sauka a gidansa. Tun daga nan ba su sake ganin juna ba. Baba Hammadu ma ya tara nasa mahaukatan a can. Ɗanjuma direba ne ke haɗa mu, in zai yi lodin Yola ya zarce Garwa sai mu ba shi abin da muka juya da labarinmu a baki, ya dawo mana da nasu.

Tsofaffin nan biyu suna da wata al'ada. Duk shekara sai a yanka wayar ƙafar keke gida biyu, tsawo ɗaya, guda a nan, guda a can. Baba Yakubu ya juya akushi a kan wannan awon, Baba Hammadu ya juya murfi, ba wanda ya ga aikin wani. Murfi ya fi wuya, don leɓensa siriri ne, kuma Baba Hammadu da shi yake taƙama. In kayan sun haɗu ba mai izinin rufewa sai ɗaya daga cikin su biyun. Murfin bai taɓa ƙin zama ba.

Bana ne hankalinmu ya tashi. Yanar ido ta rufe wa Baba Yakubu gani, da ƙyar yake bambance mutum da ƙofa, da yatsu yake aiki. Ya hana mu aika wa Garwa labarin. Yana cikin juya akushin bana ƙarfe ya cije ya tsaga masa tafin hannu, 'yarsa Rahila, wadda take nas, ta ɗinke shi tana hawaye, ta ce inji kam ya isa haka. A gabanmu ya amsa mata.

"In murfin Hammadu ya zauna, ki bar ni da injina. In bai zauna ba, ki sa a kwance shi a kai wa maƙera."

Mun san Baba, ba ya mayar da magana. Mun kuma san ranar da aka kwance injin nan zai hau tabarma ya juya wa duniya baya. Sai Audu ya ja ni gefe ya ce kada a bar wa Ɗanjuma akushin shi kaɗai, wani ya bi shi, a gwada a ɓoye a can, in da 'yar tazara a ɗora a injinsu a shafe ta. Ni aka zaɓa saboda ina jin Fillanci kuma ina da ɗan hutu kafin a buɗe kasuwar auduga. Ban so ba, ni mutum ne da ko Bauchi ba na son zuwa. Amma na karɓa.

Da sassafe muka tashi daga Bolari. Abin haushi, lodin Ɗanjuma duk bokitan roba ne da kwanoni, ni kuma ina gaba rungume da akushin maɗaci a cikin tsohon zanen matata. Damina ta ɗauke ke nan, zafin nan mai danƙo. Ba mu kai Billiri ba na ji ƙarfen motar ya fara gasa min ƙafa, sai na tuna da akushin. Duk mai juya itace ya san abin da zafi ke yi, ka ji ƙas, aikin wata guda ya tsage. Na ɗauki butata na yayyafa wa zanen ruwa. A Kaltungo na sake, a Cham na sake. Ɗanjuma ya kalle ni ta wutsiyar ido ya ce, "Malam Sale, in ya yi kuka ka faɗa min in tsaya a ba shi nono." 

A Numan muka tarar da layin motoci a bakin kogi ana jiran fito. Wata mata mai sayar da busasshen kifi, Babacama ce, ƙatuwa mai fara'a, ta daɗe tana kallona ina yayyafi, sannan ta matso ta rage murya.

"Malam, magani ne a ciki, ko wani abin da ba a faɗa?"

"Akushi ne, Mama."

"Na zinariya?"

Na buɗe mata gefe. Ta leƙa, ta kalle ni, ta kalli bokitan da ke bayan mota, ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Daga baya ta ba ni kifi guda kyauta, ta ce in ci, mai wannan hali ba ya tuna ciki. A kan fiton ban ga kogin da ake ta zuzutawa ba, idona yana kan ɗaurin da ke cinyata, kuma duk girgizar da jirgin ya yi sai na ji ta a haƙorina.

A Jimeta muka kwana, a wani gidan baƙi kusa da kasuwa, ɗaki ɗaya da wani ɗan tireda mai minshari. Tuwon dawa da miyar kifi aka kawo, da daɗi, amma ban iya cin rabi ba. Da safe na tarar ɓera ya ci gefen zanen, ya ji ƙamshin man gyaɗar da Baba ya shafa. Sai da na fita haske na juya akushin ciki da baya na ga bai kai ga itacen ba, sannan numfashina ya dawo. Na ƙara masa ruwa muka kama hanyar Belel.

Hanyar nan ba ta da kirki ko kaɗan, rami ya miƙa ka ga rami. Wajen azahar muka isa iyaka. Namu mutanen ba su ɓata mana lokaci ba, sun san Ɗanjuma. Da muka ƙetara sai muka tarar an gicciya gora an rufe ofis, wai jandarmomi, 'yan sandan Kamaru, sun tafi cin abinci. Na ce to ai yanzu za su dawo. Ɗanjuma ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya ce in nemi wuri, mutanen nan in sun ci sai sun yi barci, kuma ko gwamna ne sai ya jira. A wurinmu akawun da ya rufe ofis da rana ya kwanta ai sai takardar sallama. Su kuwa doka ce.

Da la'asar wani dogon jandarma mai gajeren wando ya fito yana sakace. Bai ko kalli bokitai ba, ni ya nufa. Ya sa na kwance zanen, ya ɗaga akushin, ya ƙwanƙwasa gindinsa ko akwai ɓoyayyen aljihu. Ya tambaye ni da Fillanci ina murfin. Na ce murfin zan je ɗaukowa.

"Daga Gombe? Gombe babu mai yin murfi?"

Na fara bayani, bai saurara ba. Ya kira ɗan'uwansa da ke can bakin ƙofa, ya cilla masa akushin. Wallahi na ga abin nan a sama yana juyi, na ga fuskar Baba. Ɗayan ya cafe da hannu ɗaya, ya shinshina, ya cillo. Dogon ya miƙo min yana murmushi ya ce kakarsa a irin wannan take cin tuwo, in wuce, amma in na dawo ba murfi zai san ƙarya na yi.

Garwa gari ne mai tsabta, ga itatuwa a jere, ga zafi kamar a bakin murhu. Wanda ya tarbe ni sunansa Pol, malamin makaranta ne, shi ne kamar Audun su. A gidansa na sauka. Abin da na fara lura da shi shi ne musabaha. Mu in ka gaisa da mutum da safe shi ke nan, su kuwa ka shigo a sha hannu da kowa, ka fita ka dawo a sake, har hannuna ya gaji. Karin kumallo burodi ne dogo mai tauri, ɓawonsa har yanka dasashi yake, ana tsoma shi a kofi cikin kwano. Bai kai taɓarya ba, amma ya fi muciya. Da rana matarsa ta yi tuwon masara da miyar yakuwa da kifin kogi, wannan kam kamar a gida. Injinsu na lantarki ne, kuma ba sa awo da inci kamar mu, sai da wasu 'yan ƙananan layuka da suka sa idona ruwa.

Kafin mu je gaida Baba Hammadu, Pol ya rufe ƙofa ya zauna kusa da ni yana murza hannu. Ni ma ina ta neman bakin da zan fara maganar Audu. Shi ya riga ni.

"Ɗan'uwa, akwai abin da ba mu aiko muku ba. Tun bazara hannun Baba Hammadu yake rawa. Ko shayi sai an riƙe masa. Ya hana mu faɗa. Murfin nan a zaune ya yi shi, ya ɗaure gwiwar hannunsa da rawani a jikin inji. In bai zauna ba ka bari mu ɗan taɓa shi, kada tsohonku ya sani."

Na daɗe ina kallonsa, sannan na faɗa masa namu. Ya dafe kai. Muka yi wata irin dariya marar daɗi. Na ce to a kawo murfin mu gwada yanzu. Ya ce ai matsalar ke nan, tsohon ya san halinsu, a ƙarƙashin matashinsa yake ajiye shi.

A zaure muka same shi, ɗan siririn tsoho fari, mutanensa sun zagaye shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Yakubu, ya tambayi Rahila da ya sani tana rarrafe, ya tambayi wata tsamiya da aka sare tun tuni. Sannan ya ce a ba shi. Ya ɗora akushin a cinya don kada a ga rawar hannun, ya juya shi a hankali yana fuskantar ƙofa. Ya shafa cikin, ya gyaɗa kai. Da ya zo kan layukan ado biyu da Baba Yakubu ke ƙonawa a waje sai ya tsaya. A wani gefen sun matsi juna, a wani sun buɗe, kuma akwai wani ɗan wuri da man gyaɗa bai taɓa ba. Mu duka a Bolari mun gani, ba wanda ya iya faɗa.

"Cikin nan sumul, yatsu sun gani," in ji shi. "Wajen nan kuwa mai aikin bai gani ba. Tun yaushe idon?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya zaro murfin daga cikin rigarsa, na kanya ne baƙi, ya kama shi da hannu biyu. Murfin yana ta kaɗawa yana bugun bakin akushin, ƙwas ƙwas, har ya samu ya daidaita shi. Ya danna. Bai shiga ba. Ya juya ya sake dannawa. Ya tsaya a kan leɓe, kana ganin haske ta tsakani.

Ban san lokacin da zufa ta jiƙa min riga ba. Pol ya matso ya ce da ladabi, Baba, ko a ɗan goga sanfefa, abin bai kai kaurin farce ba. Tsohon bai ko kalle shi ba. Ya ɗaga akushin ya kara a kumatunsa, ya shinshina.

"Da sanyi. Wa ya ba shi ruwa?"

Na ce ni ne, tun daga Billiri, tsoron tsagewa. Na so ƙasa ta buɗe. Shekara nawa ina juya itace, na san yana kumbura in ya sha ruwa kamar yadda na san sunana, amma tsoro ɗaya ya rufe min ido ga ɗayan.

"To," ya ce, "ko ruwanka ne, ko idonsa, ko hannuna. Ba mu sani ba. Ba mai taɓa shi da ƙarfe. Ka kai su gida a bushe, kowanne daban, Yakubu ya rufe." Da zan tashi ya riƙe min hannu, nasa yana karkarwa a cikin nawa. "Kada ka ce masa na gane."

Dawowa ta fi tafiya azaba. Yanzu ba halin yayyafi, ga zafi, kowane ƙaran da motar ta yi sai in ce shi ke nan ya tsage. Ga murfi a aljihun rigata, ga akushi a cinyata, kafin mu kai iyaka har na ciro su biyun ina kallo, na mayar. In na gwada ya ƙi, da wace fuska zan shiga Gombe. In ya zauna, na karya musu abin da suka riƙe tun kafin in yi aure.

A iyaka dogon jandarman ya gane ni. Ya karɓi murfin ya yaba, ya miƙa hannu zai ɗora a kan akushin. Na riƙe masa hannu, ni Sale, na riƙe hannun jandarma. Daga baya Ɗanjuma ya ce min a lokacin har ya fara tunanin abin da zai faɗa wa matata. Na zayyana wa jandarman komai, tsofaffin, idon, hannun, injin. Ya miƙo min su ɗaya a kowane hannu, ya ɗaga gorar da kansa.

Ran Asabar muka shigo Gombe, ban ko je gida ba. Rumfar ta cika, har Rahila tana nan da fararen kayanta, ta harɗe hannu a ƙirji. Audu yana ta yi min alama da gira, na kau da kai. Na durƙusa na sa wa Baba akushin a hannun dama, murfin a hagu.

Bai rufe ba. Ya ajiye akushin a cinya ya kama murfin, ya zagaya leɓen da babban yatsa, ya shiga cikin. Ya sake zagayawa. Ni da ido ban ga komai ba, amma na ga yatsan yana tsayawa yana tafiya, yana tsayawa yana tafiya. Fuskarsa ta sauya.

"Sale, hannun Hammadu rawa yake."

Na ce eh, Baba, tun bazara.

"Shi ma ya duba nawa?"

Na yi shiru.

"Ya gane ke nan," in ji shi.

Sai ya ɗora murfin kamar abin bai dame shi ba, ya danna da tafin nan mai ɗinki. Muka ji fus, iskar ciki ta fita, murfin ya sauka ya zauna. Ya ɗaga shi ta murfin, akushin ya biyo. Audu ya zauna a ƙasa daɓas. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, ban ɓoye ba. Rahila ta juya baya ta share ido, ta ce ta ji, amma daga yau ba zai hau inji ba sai da mutum tsaye a gefensa. Ya ce ya yarda.

Muna ta murna shi bai yi ko murmushi ba, yatsansa yana kan murfin. Can ya ce Audu ya nemo wayar keke a yanka ta baɗi tun yanzu. Sannan ya kira Ɗanjuma, wanda ke tsaye a bakin rumfa.

"In ka je ka ce wa Hammadu daga baɗi shi ne da akushi, ni ne da murfi. Ya yi masa baki mai kauri, ya bar min sauran."

Ɗanjuma ya ce, "In ya tambayi dalili fa, Baba?"

"Ka ce masa na gaji da akushi ne."